Yadda Gadon Sabuwa Ya Halarci Sauka

A Kutama ta ƙasar Gwarzo an yi wani masassaƙi, Tasi'u, wanda bakinsa ya fi gizagonsa kaifi. Gidansu gidan sassaƙa ne tun kakanni: turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, allon karatu. Shi kuwa ya ce wannan aikin tsofaffi ne, ya tattara ya tafi Kano, ya riƙa sassaƙa giwaye da raƙuma yana jerawa a bakin titi wai baƙi za su saya. Ana nan sai aka ƙaddamar da Shari'a. Wata safiya 'yan Hisba suka tsaya a kansa don su yi masa nasiha kan sassaƙa siffar abu mai rai. Babbansu ya ɗauki giwa guda, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya tambayi ina kan yake. Tasi'u ya nuna masa. Mutumin ya ƙara dubawa, ya ajiye, ya ce da yaransa, "Ku bar masa abinsa. Wannan bai yi kama da komai ba cikin halittun Allah."

Masu saye ma haka suka gani, don haka yunwa ta koro shi gida. Amma ya sauka a tasha yana shelar cewa duk faɗin Kano shi kaɗai hukuma ta binciki aikinsa ba ta sami aibu ba, kuma daga yau a kira shi Injiniya. Mutum ɗaya ce ta karɓi sunan hannu bibbiyu, matarsa Sabuwa, don ya hutar da ita neman abin da za ta kira shi, tunda bakinta ba ya iya faɗar sunan miji.

Sabuwa 'yar Malam Badruddeen ce, mai makarantar Islamiyya a Dugabau. Kunya gare ta ta fitar hankali, in maganarta ta yi tsawo sai ta ƙarasa ta da kallon ƙasa. Duk duniya abin da take ji da shi gadonta ne. Mahaifiyarta, Inna Furera, ta sha hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli rani da damina kafin ta saya mata shi: gadon maɗaci, mai fuska doguwa da madubi a tsakiya, an zana furanni a gefe. Ranar jere Inna ta kama kunnenta ta ce, "Kayan ɗakin nan naki ne. Ko cokali miji zai ɗauka sai ya tambaye ki. Ranar da na ji kin bari an taɓa gadon nan, ni da ke ne."

Lokacin kuwa komai ya yi tsada, man fetur ya tashi ya ja kowane kaya sama. Katako falle guda sai mutum ya rabu da akuya. Kafintocin Gwarzo suna zaman hamma a shagunansu, shi kuwa Tasi'u a nan ya hango arziki. Ya je teburin Ɗanladi mai shayi ya harɗe.

"Katako na ragwaye ne," in ji shi. "Ni duk abin da ido ya gani kujera ne. Kara kujera ne. Taya kujera ce. Kai kanka, Ɗanladi, in ka tsaya da kyau sai in mai da kai benci."

"Allah ya kiyaye. Fara dai da bencin nan nawa da ya karye."

Tasi'u ya sare ɗanyen zogale a shingen gidansu, ya haɗa benci, ya kafa ƙafafunsa cikin ƙasa wai don ƙarfi. Damina ce. Ba a daɗe ba benci ya yi saiwa ya fara toho. Da farko Ɗanladi ya yi murnar inuwa. Daga baya matan unguwa suka fara zuwa tsinkar ganyen miya a kan masu shan shayi, awaki kuma suka ji labari. Ranar da wani bunsuru ya dafa kafaɗar Ja'afar tela da ƙafafun gaba yana cin ganye ta saman hularsa, Ɗanladi ya taho gidan Tasi'u da ludayin shayi a hannu.

"Ka zo ka tuge gonarka daga ƙofar shagona!"

"Kai ba ka san gata ba. Benci mai inuwa da abin miya? A Kano layi ake bi."

Don ya lallashi Ja'afar sai ya yi masa kujerar tayar mota kyauta. Ja'afar ya zauna a kai da farar rigarsa kafin a kira salla, ya tashi ya tafi masallacin Juma'a da baƙin zobe a bayansa kamar takardar da aka buga wa hatimi. Sahun da ke bayansa da ƙyar suka riƙe dariya har aka sallame.

Duk wannan labarin bai kai Dugabau ba. Da bazara ta kama, Malam Badruddeen ya sa ranar saukar Alƙur'ani ta ɗalibansa. Hayar kujeru daga Kabo ta gagara, sai ga Tasi'u ya zo gaisuwa tare da Sabuwa, ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, kana da Injiniya a gida za ka yi haya? Bencin malamai da kujerar uban taro duk a wuyana." Inna Furera ta ja Sabuwa ɗaki ta tambaye ta, "Zai iya kuwa?" Sabuwa ta so ta ba da labarin zogale, amma ya za a yi ta kushe miji a gaban uwa? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Inna ta fita ta ce wa Malam yarinya ta ce zai iya.

Tsakar gidan Tasi'u ta koma juji. Karan dawa, tsofaffin robar taya, buhunan taki, ga wata tukunya tana tafasa a murhun Sabuwa. Maƙwabciyarsu, tsohuwa Hajaratu, ta leƙo ta katanga.

"Injiniya, alewa ake dafawa ba a gayyace mu ba?"

"Maganin sheƙi ne, Gwaggo. Ƙaro da mazarƙwaila. In na shafa wa kujera sai kin ga fuskarki a jiki."

"To ƙudaje sun ce a yi maka godiya. Wancan kuma me kake durawa a buhu?"

"Kushin ne na manyan baƙi."

"Da ƙaiƙayin gero? Mutane za su zauna ko jakuna?"

"Buhun taki ne, Gwaggo, ko ruwa ba ya ratsa shi."

"Ɗinkin fa?"

"Ɗinkin Injiniya ne."

"Shi nake tsoro," in ji Hajaratu, ta sauka daga kan turminta.

Saura kujerar uban taro. Uban taron Alhaji Sajo ne, babban ɗan kasuwar hatsi na Kabo, mutum mai jiki kamar rumbu. Tasi'u ya gwada jingina ta kara, ta lanƙwashe. Ya gwada ta langa-langa, ta yanke shi. Ran nan Sabuwa ta dawo daga gidan suna, ta ɗaga labulen ɗakinta, ta ga katifa a ƙasa, ƙafafun gado jingine a lungu, fuskar babu. Ta fito a guje. Ga fuskar gadonta tsaye a bayan gida, an ɗaure ta jikin wani mazauni mai ƙafafu huɗu kauri-kauri.

"Injiniya."

"Na'am, 'yar Malam."

"Gadona."

"Aro na yi. Ko ƙusa ban buga masa ba, da roba na ɗaure. Ana tashi daga taro zan mai da miki abinki."

"Inna za ta gani."

"Ta ga me? Yadi zan lulluɓa masa in manne da maganin sheƙi. Wanda ya ƙera shi ma ba zai gane shi ba."

Sabuwa ta ƙwanƙwasa ƙafar kujerar da yatsa, ta ji ta amsa kamar ganga. "Wannan fa icen gwanda ne. Cikinsa rami ne."

"Ilimi ke nan, 'yar Malam. Bututun ƙarfe ma cikinsa rami ne, kin taɓa ganin ya karye?"

In ta kai ƙara, Inna ta ji. In ta yi shiru, madubinta zai yi tafiya a amalanke. Ta zaɓi shirun, ta ɗauko tsohon zaninta ta naɗe madubin da kanta, tana roƙon Allah a je lafiya a dawo lafiya ba wanda ya sani.

Ranar sauka aka loda kaya a amalanken shanu tun da sassafe. Kafin a fita Kutama awaki sun bi sahu suna zarar kara daga jikin benci, Tasi'u yana korarsu da hula. Ƙudaje kuwa sun yi wa kujerar uban taro rakiya har Dugabau. A ƙofar makaranta aka kafa rumfa, aka jera benci, aka ɗora kushin, aka girke babbar kujera a tsakiya. Tasi'u ya zare zanin Sabuwa daga ƙarƙashin yadin don kada ya ɓata tsari, ya ƙara shafe ko'ina da maganin sheƙi. Gaskiya ta yi kyau daga nesa. Koren yadi yana ta walƙiya.

Mata suna bayan zana wajen tukwane. Sabuwa ta sami wata 'yar kafa ta manna ido.

"Me kike leƙe tun ɗazu?" in ji Inna Furera, tana juya waina.

"Ba komai, Inna."

Inna ta ture ta ta leƙa. "Kai, mijin nan naki ya yi abin kai. Dubi kujera! Faɗinta ma kamar gado."

Sabuwa ta ɗauki faranti ta hau goge shi, alhali a goge yake.

Malamai suka iso suka zauna, benci ya yi 'yar ƙara ya haƙura. Alhaji Sajo ya iso cikin sabuwar farar shadda, ya gaisa da jama'a, ya saki jikinsa a kujera. Ƙafafun gwanda suka nitse kaɗan cikin ƙasa. Kafin a buɗe taro Tasi'u ya karɓe lasifika daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, salamu alaikum. Duk abin da kuka ga manyanmu suna zaune a kai, aikin ɗan ƙasa ne. Babu katako ko na sakace a ciki. Mai buƙata ya nemi Injiniya Tasi'u, Kutama, kusa da benci mai ganye."

Aka karɓe lasifikar da ƙyar. Ɗalibi na farko ya fito da allonsa mai zayyana ya fara karatu.

To, in ana karatun Alƙur'ani babba ba ya mutsu-mutsu, balle malami a gaban ɗalibansa. Nauyin malamai ya matse buhuna, ɗinkin Injiniya ya buɗe baki, ƙaiƙayi ya fara ratsa wanduna. Sabuwa tana gani ta kafar zana. Liman ya karkata hagu a hankali, ya dawo dama. Wani dattijo, Malam Bashari, ya runtse ido ya cije leɓe, hawaye ya gangaro masa. Mata suka ce, "Allah sarki, karatun ya ratsa Malam." Ba wanda ya ɗaga hannu. Suka daure, gumi yana tsiyaya daga rawuna, har yaron ya kai aya ya rufe. Yana rufewa sai ka ji ƙarar susa ta tashi gaba ɗaya, kamar ana kankare ƙanzo a gidan biki.

Ɗalibi na biyu ya miƙe, aka sake ƙamewa. Da aka zo addu'a, kowane malami hannu ɗaya ne a sama, ɗayan ya ɓace cikin riga.

"Malam Badruddeen," in ji Malam Bashari cikin raɗa mai ƙarfi, "don girman Allah a taƙaita."

Shi Alhaji Sajo nasa daban ne. Rana ta ɗaga ta zagayo gefen rumfa ta haske kujerarsa. Maganin sheƙi ya narke. Ƙudaje suka yi masa rawani na biyu, cinnaku suka hau ƙafafun gwanda a jere, ƙudan zuma guda biyu suna shawagi a bayan kunnensa. Mutumin kirki, yana ta murmushi yana kaɗa carbi a gaban fuska.

Mai gabatarwa ya ce, "Yanzu uban taro zai miƙe ya yi mana jawabi." Ya miƙa masa lasifika.

Alhaji ya yunƙura. Shiru. Ya sake yunƙurawa, kujera ta ɗago tare da shi ta koma.

"Alhaji, ko ƙafar ce?"

"Ba ƙafa ba ce. An riƙe ni ta baya."

Tasi'u ya matso da sauri. "Ranka ya daɗe, haka aka tsara ta. Ba ta sakin baƙo sai ya huta sosai."

"Na huta! Ku ciro ni!"

Majiya ƙarfi biyu suka kama hannuwansa suka ja. Aka ji ƙiiii, koren yadi ya ɓalle daga jikin kujera ya bi bayan shadda kamar goyo. Hannun Alhaji mai danƙo ya suɓuce musu, ya koma da baya da dukkan nauyinsa. Ƙafafun gwanda suka fashe, fash, ruwa ya fantsamo har gemun Liman. Mazauni ya baje, Alhaji ya zauna daɓas a ƙasa, lasifika ta yi tsalle gefe. Malamai suka zabura za su taimaka, bencin kara da ya ga an tashi a gefe ɗaya sai ya ɗaga ɗaya gefen ya zubar da Malam Bashari, ya watse kara-kara.

Abu ɗaya ya rage a tsaye: fuskar gado, tsirara, madubinta yana haska idon jama'a. Robar da ta riƙe ta ta tsinke, tas. Ta yi gaba, ta yi baya, ta fara tafiya ƙasa ta fuskar madubi.

Sabuwa ba ta san lokacin da ta keta zana ba. Yarinyar da ko gaban ƙanin babanta ba ta iya wucewa sai ta durƙusa, ita ce ta ratsa tsakiyar maza da gudu, ta tsallake Malam Bashari, ta tsallake ƙafar uban taro, ta rungume fuskar gadon tana gab da ƙasa. Ta duba madubi, lafiya lau. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a hankali, don kanta kaɗai, "Alhamdu lillahi, gadona."

Lasifika tana kwance daidai gwiwarta. Duk Dugabau aka ji, har masu ɗiban ruwa a rijiya.

Sai muryar Inna Furera daga bayan zana, ita ba ta buƙatar lasifika.

"Gadon wa? Ku matsa in gani! La ilaha illallahu! Furannin nan na san su! Tasi'u, gadon 'yata ka kawo wa maza su zauna? Ƙuli-ƙulin da na soya ne Alhaji Sajo ya jingina da shi tun safe?"

"Inna, aro ne..."

"Aro a wajen wa? Ni ka tambaya ko ita?"

Tasi'u ya juya wajen jama'a yana neman mafita. "Amma dai ku shaida, duk wannan rugujewar jinginar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Aiki in aiki ne..."

Alhaji Sajo, yana zaune cikin ruwan gwanda ana ɓamɓare masa yadi a baya, ya ɗaga kai. "Yaro, ita kaɗai ce ba kai ka yi ba, ko?"

Dariyar da aka danne tun safe ta ɓalle. Ɗalibai suka ɓoye fuska a bayan alluna. Liman yana dariya yana susa. Ita kuwa Sabuwa ta cusa kai cikin hijabi, amma ba ta saki gadon ba.

Malam Badruddeen ya sa aka kwashe tarkace aka shimfiɗa tabarmi, aka ƙarasa sauka a ƙasa, kowa ya ce ya fi daɗi. Bayan an ci waina ya kira surukinsa zaure, ga Liman, ga Malam Bashari, ga Alhaji Sajo cikin rigar aro da ta tsaya masa a gwiwa. Inna tana bakin ƙofar cikin gida, Sabuwa a bayanta.

"Tasi'u, kayan ɗakin mace dukiyarta ce. Ka ɗauka ba izini, ka kuma tsaya gaban jama'a ka ce babu katako. Haƙƙin ba nawa ba ne, nata ne." Ya juya. "Sabuwa, me kike so a yi miki?"

"Ta zauna nan ita da gadon!" in ji Inna.

"Ita na tambaya."

Tasi'u ya yi zuru-zuru, karo na farko da aka ga bakinsa a rufe. Can Sabuwa ta ce, da muryar da sai an kasa kunne, "Zan koma, Baba. Kwaɗo nake so a sa min a ƙofar ɗaki. Makullin a hannuna."

Fuskar Tasi'u ta washe nan take. "Kwaɗo? Ai ba sai an saya ba, Allah gafarta Malam. Akwai wani ƙahon rago da na ajiye, in na fafe shi na sa masa..."

"A'a!" Liman da Malam Bashari da Alhaji Sajo da Inna suka faɗa baki ɗaya, har kaji suka watse a tsakar gida.

Malam Badruddeen ya tashi ya je ƙofar ɗakin littattafansa, ya cire kwaɗon da ke jiki, na ƙarfe mai nauyi, ya sa a tafin hannun 'yarsa tare da makullin. Ta ƙulle makullin a bakin zaninta, ƙulli biyu.

Da la'asar amalanke ya kama hanyar Kutama. Inna ta ce wuri ɗaya ne a ciki, na mai gado. Sabuwa ta zauna ta rungume fuskar gadonta, ba ta ko waiwaya ba. Ba ta buƙata. Cikin madubi tana hango Injiniya yana biye da su a ƙasa, buhunan kushin a ka, don Malam ya ce kada a bar masa ko ɗaya a gari.